Sikeli, inbata da dikoda: idan kwamfuta ta ƙi gane wayar nan mai allura tara

Saƙonnin da suka taru mini a makon nan kusan duk a kan abu ɗaya suke: wayar nan mai kai biyu, ɗaya USB, ɗayan kuma mai faɗi da allurai tara a ciki, biyar a sama huɗu a ƙasa. Tsarin da take aiki da shi, wato RS-232, tun 1960 aka fito da shi, sa'an 'yancin kan Najeriya ne. Laftof na yanzu sun daina zuwa da wannan kafa, amma sikeli da inbata da injinan gwajin jini ba su rabu da ita ba. Shi ya sa ake neman adafta ta shiga tsakani.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni yaron wani Alhaji ne mai sayen riɗi da zoɓo a Maigatari. Muna da sikelin lantarki, muna so nauyin buhu ya riƙa shiga kwamfuta kai tsaye mu huta da rubutun hannu. Na sayo adafta, na soka, sai wata alama rawaya ta fito an rubuta Code 10. Faifan da ya zo a kwalin kuma laftof ɗina ba ta da wurin saka shi. Ga Alhamis ta matso, ranar kasuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kar faifan ya dame ka, sau da yawa abin da ke cikinsa ya tsufa. Ka kuma manta da sunan da aka buga a jikin kwalin. A cikin robar da ke kan wayar akwai wani ɗan ƙaramin aisi, kamar yadda masu gyaran waya ke kiransa, shi ne mai aikin. Direban da kake nema, wato 'yar manhajar da ke yi wa Windows tafinta, na wannan aisin ne, ba na kamfanin da ya yi kwali ba. Adafta goma masu suna daban-daban za ka iya tarar da aisi iri ɗaya a cikinsu, biyu kuma masu kama ɗaya kamar tagwaye su sha bamban.

Huɗu ne suka cika kasuwa: PL2303 na kamfanin Prolific da ke Taiwan, CH340 na WCH da ke birnin Nanjin na ƙasar Sin, FT232 na FTDI da ke Gilasgo a Sikotlan, sai CP2102 na Silicon Labs a Amurka. Ba sai ka fasa robar ba kafin ka san wanda kake da shi. Danna maɓallin dama na linzami a kan Start, ka buɗe Device Manager. Ka zare adaftar ka sake sokawa kana kallon allo, layin da ya ɓace ya dawo shi ne naka. Ka danna shi sau biyu, ka shiga Details, ka zaɓi Hardware Ids. Za ka ga rubutu mai VID da PID, wato lambar kamfani da lambar samfuri. Idan bayan VID an sa 067B, Prolific ne. 1A86 na CH340 ne, 0403 na FTDI, 10C4 kuma na Silicon Labs. Ka rubuta lambar a takarda.

Da na ji Code 10, zuciyata ta ba ni 067B za ka gani. Labarin kuwa shi ne, an kwaikwayi tsohon samfurin PL2303 har jabun ya cika duniya, kamfanin kuma ya daina yin wannan samfuri a 2012, ya sa sababbin direbobinsa su ƙi tayar da shi. A wasu kwamfutocin ma maimakon Code 10, sunan na'urar ne zai koma wani dogon rubutu da manyan baƙaƙe cewa an daina PL2303HXA tun 2012, ka tuntuɓi wanda ya sayar maka. Akwai wani samfurin, PL2303TA, da ke aiki a Windows 10 amma a ce masa a'a a Windows 11. FTDI ma sun taɓa yin abin da ya fi haka zafi a watan Oktoba na 2014: direban da suka tura ta Windows Update ya riƙa mayar da lambar PID ta jabun aisi zuwa 0000, kwamfuta ta daina gane shi gaba ɗaya, har sai da surutu ya yi yawa aka janye shi.

Masu gyara da yawa za su ce maka a ɗora tsohon direba na 2008. Gaskiya yana aiki, na sha yi. Sai dai duk ranar da laftof ɗin ta sha intanet, Windows na iya ture tsohon ta mayar da sabo, ka wayi gari ranar kasuwa, motoci sun yi layi, sikeli ya yi shiru. Kuma wuraren da ake samo waɗannan tsofaffin fayiloli a intanet ba duka ke da tsabta ba. Wanda ke wasa da na'ura a ɗakinsa zai iya wannan kokawa. Kai da dukiyar Alhaji ke bi ta hannunka, shawarata ka sa wani mai zuwa Kano ya taho maka da wata adaftar mai FTDI, ko kuwa CH340 mai kyau, a gwada ta a shagon kafin a biya.

Idan kuma 1A86 ka gani, abin ya zo da sauƙi. Fayil ɗin sunansa CH341SER, yana shafin kamfanin WCH, ƙarami ne ƙwarai, ba zai ci maka data ba. Ka sauke shi a wayarka inda sabis ya fi ƙarfi, ka tura wa laftof ta kebul. Zare adaftar tukuna, ka buɗe fayil ɗin, ka danna Install, sannan ka soka. Idan komai ya tafi daidai, a sashen Ports na Device Manager za ka ga sunanta da COM da lamba a gaba, wato sunan da Windows ke ba irin wannan kafa, babu alamar rawaya. Ka guji manhajojin nan masu alƙawarin nemo maka duk direbobi a danna ɗaya, talla da shara suke jibga wa mutum.

Wani abu kuma. Na taɓa kashe yini guda a wani injin casar shinkafa a yankin Kura, ina cire direba ina mayarwa, gumi har gadon baya, mai injin yana ta aiko mini da kunun zaƙi don tausayi. Sai gab da magariba muka buɗe ɗan littafin sikelin, muka tarar ashe a saitinsa an kashe fitar da bayani ta wannan kafa. Direba ba shi da laifin komai. Ka duba naka littafin: wani sikelin yana turo nauyi ba tsayawa, wani sai an danna maɓallin bugawa, wani kuma a kashe yake zuwa.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina haɗa wa mutane sola a ƙauyukan Bunkure da Kibiya. COM ta fito lafiya, amma manhajar inbata ba ta nuna komai. Da na gwada wata na'urar kuma, sai wasu baƙaƙe marasa ma'ana suke ta zubowa kamar rubutun aljanu.

Amsa: Barka kadai, injiniya. Tunda COM ta fito, direba ya gama nasa, ka ƙyale shi. Rubutun aljanun nan ma albishir ne, yana nufin saƙo na isowa, gudun ne bai daidaita ba. Ka ɗauka mai awo yana ƙirga mudu da sauri, mai rubutawa kuma yana bin sa da nasa taku, ai lissafi ba zai fita ba. Dole ɓangarorin biyu su tsaya a kan lamba ɗaya. Lambar gudun da aka fi amfani da ita 9600 ce, sauran saitin kuma 8, N, 1. Amma inbatocin da ke aiki da manhajar WatchPower, irin su Axpert, 2400 suke yi. Na'urorin cajin batir na EPEVER kuwa 115200 ne, kuma su ba RS-232 ba ne ma, RS-485 ne, adaftarsu daban take. Ko ka kwana kana sauya lamba, mai allura tara ba za ta ji yarensu ba.

Ka lura da kafar da ke jikin inbatar. Tana kama da ta wayar intanet, har kan wayar ma yana shiga daidai, amma jerin wayoyin ciki ba ɗaya ba ne. Ka yi amfani da kebul ɗin da ya zo a kwalinta, kar ka haɗa ta da rauta ko kafar intanet ta laftof. Sannan irin wannan inbata ba ta magana sai an tambaye ta. Idan ka buɗe ta da PuTTY, wata 'yar manhaja mai nuna saƙon da ke shigowa ta COM, ka ga allo baƙi wuluk, ba lalacewa ta yi ba, jira take manhajarta ta aiko da tambaya. Kuma manhaja ɗaya ce ke iya riƙe COM a lokaci guda. In PuTTY na buɗe, WatchPower ba za ta samu shiga ba, haka nan in WatchPower ta laɓe a ƙasa kusa da agogo, sai ka rufe ta.

Ga gwajin da nake fara yi kafin in zargi kowa. Ka cire adaftar daga inbata, ka bar ta a laftof. Ka haska cikin kan da tocilan waya, za ka ga 'yan mitsi-mitsin lambobi a gindin allurai. Ta 2 ita ke karɓa, ta 3 ke aikawa, ta 5 ce ƙasa. Ka samu ɗan guntun waya ka haɗa 2 da 3, ka kula kar ya taɓa maƙwabta. Buɗe PuTTY, zaɓi Serial, sa lambar COM ɗinka, ka mayar da Flow control zuwa None, ka fara buga haruffa. In suna fitowa a allo, kana cire guntun wayar kuma suka daina, to adafta da direba lafiyarsu ƙalau.

Tunda mita ba ta rabuwa da aljihunka, ƙara da wannan: auna tsakanin allura ta 3 da ta 5. Adaftar kirki za ta nuna wuta ƙasa da sifili, kamar -5 ko fiye, domin ƙa'idar RS-232 daga bolt 3 zuwa 15 take, sama ko ƙasa da sifili. Wasu masu arhar nan an yi musu rowar kayan ciki, tsakanin 0 da 5 kawai suke yawo. Za su ci gwajin guntun waya, amma wata na'urar ba za ta ji su ba sam.

Tambaya: Ina da gidan kallon ƙwallo a Kafin Hausa. Zan sabunta manhajar dikoda ta kwamfuta, amma ta tsaya a sifili ba ta motsi.

Amsa: Yawanci kebul ne. Akwai miƙaƙƙe, wanda 2 ke tafiya 2, 3 ke tafiya 3, akwai kuma mai giciye da ake kira null modem, inda 2 ta wannan kai ke faɗawa 3 ta wancan. A ido ba ka bambance su, sai da mita. Dikodoji da yawa mai giciyen suke so, kuma sai ka danna farawa a kwamfuta sannan ka kunna dikodar daga maɓallin baya. Ka tabbata fayil ɗin na samfurinka ne daidai, kuma kada ka fara a kan wutar da ba ka amince da ita ba. In ta ɗauke ana tsaka da aiki, dikodar na iya ƙin tashi, ga wasa da daddare.

Tambaya: Malam, ni ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce a wani ƙaramin asibiti a yankin Ringim. Manhajar injinmu COM1 zuwa COM4 kawai take nunawa, adaftar kuma ta fito a COM11. Wani lokacin ma lambar sauyawa take yi.

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Wannan gyaran minti biyu ne. A Device Manager ki danna sunan adaftar sau biyu, ki shiga Port Settings, sai Advanced. A nan akwai wurin zaɓen lamba, ki ɗauki COM2 ko COM3. Wataƙila ki ga an rubuta in use a gabansu. Galibi tsofaffin na'urorin da aka taɓa sokawa ne suka bar sunansu, kamar mai kama wuri a sahu da buta ya tafi bai dawo ba. Idan kin tabbata babu wani abin da ke jone yana amfani da lambar, ki zaɓa, ki amsa gargaɗin, ki zare ki mayar.

Sauyawar lamba kuwa, dalilinta shi ne aisi irin CH340 ba shi da lambar shaida tasa ta kansa, sai Windows ta riƙa gane shi da ramin USB ɗin da aka soka shi. Kin sauya rami, ta ɗauke shi baƙo, ta ba shi sabuwar lamba. Na FTDI na gaske yana da tasa, shi ya sa yake riƙe COM ɗinsa duk inda aka kai shi. Ki manna ɗan filasta a gefen rami ɗaya, ki gaya wa abokan aiki nan ne gidan wayar injin. In kuma kwamfutar ta tebur ce tsohuwa, ki leƙa bayanta tukuna, mai yiwuwa tana da kafar allura tara tata ta asali, wadda ita ce COM1, ba ta bukatar adafta ko kaɗan.

Wani ɗalibi daga Gwaram ya tambaya ko wayar Android za ta iya wannan aiki, don ba shi da laftof. Za ta iya, in tana karɓar OTG, wato tsarin da ke ba waya damar karɓar na'urar USB. Ka samu ɗan kan OTG, ka sauke manhajar Serial USB Terminal, ita ta san aisin nan huɗu da kanta, babu wani direba da za ka ɗora. Ta isa ka ga ko sikeli yana turo lamba, ko ka yi gwajin guntun wayar nan a shago kafin ka biya kuɗin adafta. A wasu wayoyin, irin su Tecno da Infinix, sai ka shiga saiti ka kunna OTG da hannunka, kuma yakan kashe kansa idan aka jima ba a soka komai ba.