Tambayoyinku: Yadda Shafi Zai Aika Bayani Ba Tare Da Ya Sake Buɗewa Ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gina wa wani shago a Kasuwar Dole shafin karɓar odar kaya da PHP. Duk lokacin da aka danna "Aika", allon sai ya yi fari fat, shafin ya sake buɗewa daga farko. In rezo ya yi rauni, abin da aka rubuta ma ɓacewa yake yi. Ina mafita?
Mai karatu daga unguwar Birni, Damagaram

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Maganin wannan shi ne AJAX, sunan da Jesse James Garrett ya raɗa wa dabarar a 2005. JavaScript, yaren da ke aiki a cikin burauza, shi ne zai kai saƙon wurin sabar (kwamfutar da ke ɗauke da shafin) ta bayan fage, ya karɓo amsa, ya sauya wurin da ya kamata kawai, sauran shafin yana nan daram. A da XMLHttpRequest ake amfani da shi wajen aika saƙon, yanzu umarnin fetch ya fi sauƙi.

Da farko ka tare fam ɗin a lokacin aikawa, ka kira preventDefault, umarnin da ke hana burauza aika fam ɗin da kanta. In ka manta da shi burauza za ta ci gaba da halinta na sake buɗe shafi, ko da sauran aikinka daidai ne. Sannan ka tattara abin da aka cike da FormData, ka miƙa wa fetch ta hanyar POST. Kada ka rubuta Content-Type (bayanin irin saƙon) da hannunka a nan, burauza ce ke saka shi tare da alamar da ke raba gaɓoɓin saƙon. In kuwa tsarin JSON ka zaɓa a maimakon FormData, za ka tarar $_POST, inda PHP ke ajiye abin da aka aiko, babu komai, sai ka karanto saƙon daga php://input ka warware shi da json_decode.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne wajen amsa. Ko sabar ta dawo da lambar matsala irin 404 ko 500, fetch ba ya ɗaukar hakan kuskure, sai in amsar ce ba ta samu ba, kamar in layin ya yanke. Saboda haka ka duba response.ok, wanda ke nuna ko an yi nasara, kafin ka nuna "An karɓi odarka", in ba haka ba mai saye zai zauna jiran buhun shinkafar da mai shago bai san an nema ba.

Batun rezo kuwa, ka ba shi muhimmanci ƙwarai. Mutum ya danna maɓalli, ya ga shiru, sai ya sake dannawa har sau uku, oda uku ta shiga. Da an danna, ka kashe maɓallin, ka rubuta "Ana aikawa…" a kansa. Ka sa wa'adi, misali daƙiƙa 15, in ya cika ka soke aikawar da AbortController, ka kunna maɓallin, ka bar rubutun yadda yake. Amma ka sani sokewar ba ta nufin saƙon bai isa ba. Don haka kowace oda ta tafi da lambarta ta musamman, sabar ta ƙi adana lamba ɗaya sau biyu.

In ka ga kuskuren CORS, wato burauza ta hana shafinka karanta amsar, to adireshin shafin da na sabar sun bambanta, ko da a lambar tasha (port) ce kawai. A wajen sabar ake gyara shi, ta hanyar saka adireshin shafinka a Access-Control-Allow-Origin. Don ganin abin da ya tafi da abin da ya dawo, danna F12 a kwamfuta ka buɗe sashen Network.