Ko ana iya tunani ba tare da harshe ba?

Tambaya: Malam, gardama muke yi da abokina. Ya ce ba a tunani sai da kalmomi, wai idan harshenka ba shi da sunan abu, ba za ka iya tunaninsa ba. Haka ne?

Amsa: Abokinka ya taɓo gaskiya, sai dai ya wuce gona da iri. Wannan ra'ayi ana jingina shi ga masanin harshe Edward Sapir da ɗalibinsa Benjamin Whorf, kuma masana kaɗan ne a yau ke riƙe da shi da wannan tsauri. Jariri yana gane fuskar uwarsa tun bai furta kalma ba. Wasu da shanyewar jiki ta lalata musu sashen magana a ƙwaƙwalwa suna iya lissafi. Kai ma ai ka sha cewa "ina da abin a raina, kalmar ce ta ɓace mini". Masanin falsafa Jerry Fodor, a 1975, cewa ya yi tunani yana da nasa harshen na cikin kai, dabam da wanda ake furtawa.

Inda abokin naka ya yi daidai shi ne, harshe yana tilasta maka lura da wasu abubuwa. Bahaushe ba ya cewa "kai" ko "ke" sai ya san namiji yake wa magana ko mace, Turanci kuwa kalma ɗaya ta wadatar. Rashanci yana da kalmomi biyu na shuɗi, mai haske da mai duhu. Wani bincike na 2007 ya nuna masu jin harshen sun ɗan fi saurin bambance shuɗi biyu idan sunayensu dabam ne a kan idan suna ɗaya suke da shi, amma tazarar ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba.