Amsa kan sanyaya ƙwaƙwalwa bayan tsayawar zuciya

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne likitoci na sanyaya jikin wanda zuciyarsa ta tsaya aka farfaɗo da ita. Gaskiya ne. Ƙwaƙwalwar da jini ya yanke mata tana ci gaba da lalacewa ko bayan jinin ya dawo, sanyi kuwa yana rage buƙatarta ta iskar oksijin da kimanin kashi 6 cikin 100 a kan kowane digiri ɗaya na ma'aunin Celsius da aka sauke zafin jiki.

A shekarar 2002 bincike biyu, ɗaya a Turai ɗaya a Ostareliya, sun nuna amfanin sauke zafin jiki zuwa digiri 32 zuwa 34 na awa 12 zuwa 24. Sai dai babban binciken da aka wallafa a 2021 bai ga bambanci tsakanin sanyayawa zuwa digiri 33 da hana zazzaɓi kawai ba, shi ya sa yanzu hana zazzaɓin aka fi ba wa muhimmanci.

Ga rauni a ka kuwa, sakamakon bai yi daɗi ba, domin wani bincike na 2015 ya nuna sanyayawar ta ƙara cutarwa. Sanyaya jiki aiki ne na sashen kulawa ta musamman a asibiti, saboda yana iya rikita bugun zuciya. Kada a gwada shi da ƙanƙara a gida.