Littafin bashin shago ma takardar shaida ce: amsoshin wannan mako

Wasiƙu huɗu na ware a wannan mako, dukansu daga nan Damagaram, kuma duk a kan neman gurbi a makarantun koyon kasuwanci da ke tace ɗalibai tun daga digirin farko. Na taƙaita su, na cire sunaye.

"Malam, ina ajin tarminal D a wata lise a nan cikin gari. Burina in shiga babbar makarantar kasuwanci, ko a Dakar ko a Ghana, in Allah ya yi ma har Amurka. Amma in na buɗe fom ɗinsu sai in ga ana tambayar ƙungiyoyi da aikin sa-kai da lambobin yabo. Ni kuwa daga lakwal sai shagon babana a Kasuwar Dole, inda nake riƙe littafin bashi shekara huɗu ke nan. Akwai wani da ya ce in kawo jikka 150 zai haɗa mini dosiye gaba ɗaya, ya rubuta mini bayanin kaina, har da takardun shaidar wata ƙungiya. In ba shi?"

Ɗana, ko dala kar ka ba shi. Abin da kake shirin saye da jikka 150 bai kai darajar wanda ke ajiye ƙarƙashin kantar babanka ba.

Na san irin littafin nan. Bangonsa ya sha maiƙo, kusurwoyinsa sun naɗe, kuma rabin mutanen da ke ciki ba da sunansu na yanka aka rubuta su ba: mai waina, matar direba, tela na bayan masallaci. Wanda ya shekara huɗu yana buɗe shi kullum ya san wa ke biya ranar da albashi ya faɗo, wa ke biya sai bayan kaka, wa kuma ke sauya hanya in ya hango shagon. Sannan kana wurin a 2023, lokacin da aka rufe iyaka da Najeriya bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kayan Kano suka yanke, ita kuma naira tana ta zubewa. Ka ga yadda babanka ya yi da farashi, ka ga kayan da ya daina sarowa da wanda ya ɓoye sai ya yi tsada, ka ga abin da ya faru da masu bashi har zuwa lokacin da Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024. Wasu sai sun shiga jami'a ake karanta musu wannan a allo.

Kuma fom ɗin bai hana ka faɗa ba. Common App, wanda jami'o'in Amurka da yawa ke karɓar takardu ta kansa, yana da gurbin ayyuka goma, a cikin rukunansa akwai aikin da ake biyan mutum da kuma ɗawainiyar gida. Kowane gurbi haruffa 150 kawai ake ba ka, don haka babu wurin kirari. Ka ɗauko tsofaffin littattafan ka zauna da su wata Lahadi, ka ƙirga masu bashi nawa ne, nawa ke waje a wata, nawa ke dawowa. Sai ka tambayi kanka abin da kai ka sauya da hannunka. In kai ka fara aika wa masu bashi saƙon murya ta WhatsApp kwana biyu kafin ƙarshen wata, ka duba ko kuɗin da ke shigowa ya ƙaru, ka rubuta adadin yadda yake. In ba ka taɓa sauya komai ba, fara yanzu, wata uku sun isa a ga bambanci. Kar dai ka naɗa wa kanka rawanin "daraktan kuɗi". Ka ce kai ne mai riƙe littafin bashi a shagon kayan masarufi, ka bar lissafin ya yi magana.

Babban rubutun Common App ba ya wuce kalmomi 650. Yawancin yaranmu suna ɓarnatar da rabinsa wajen bayanin cewa Nijar ƙasa ce matalauciya kuma suna so su ceto ta. Mai karantawa ya ga irin wannan ba adadi. Ba shi rana ɗaya tak, misali ranar da ka hana wani dattijo ƙarin bashi babanka ya tsawata maka a gaban mutane, da abin da ka gane daga baya game da dalilinsa. Makarantar kasuwanci ta Ross a Jami'ar Michigan ma tana neman ka kawo wata matsala ta inda kake zaune ka faɗi yadda za a warware ta ta hanyar kasuwanci. Na san hannunka zai tafi kan matsalar ruwa, don duk ɗan Damagaram da jarka ya tashi. Ba laifi, amma matse ta: ɗan garuwa ɗaya, kura ɗaya, sawu nawa yake yi a yini, ina ribarsa ke zurarewa.

Shi kuwa mai jikka 150, ga inda zai kai ka ya baro. Makarantun nan da dama suna ganawa da ɗalibi, ido da ido ko ta bidiyo, kuma daga abin da ka rubuta ake ciro tambaya. Ni na taɓa shiga wannan rami. Ina saurayi na sa wani ya rubuta mini wasiƙar neman wata makaranta da Faransanci mai nauyin buhun gero. Da na zauna gaban mutum uku, ɗaya ta sa biro ƙarƙashin wata kalma ta ce in fassara mata abin da nake nufi. Har yau ina tuna ƙarar fankar ɗakin. Takardar shaidar jabu kuma ta fi wannan muni, don ko an ɗauke ka, ranar da aka gano ana iya soke gurbin.

Abu biyu da za su taimake ka kuma ba su cin ko tamma. Na farko, wasiƙar malaminka na lissafi. Malamanmu sun saba da layi biyu, "ɗalibi ne mai ƙwazo da ladabi", a buga hatimi. Je ka same shi wata guda kafin lokaci, da takarda ɗaya da ka rubuta abubuwan da zai iya tunawa da kai, ka roƙe shi ya kawo misali. Na biyu, a wurinmu 14 bisa 20 maki ne na a zo a gani, amma wanda bai san tsarinmu ba zai iya lissafa shi kashi 70 cikin ɗari ya wuce. Saboda haka ka tabbata matsayinka a aji ya fito fili, na nawa ka zo cikin mutum nawa, kuma shugaban makaranta ya yi ɗan bayani kan yadda ake ba da maki a nan.

"Malam, ɗiyata tana ajin firamiyar C. Na ɗauki adashi jikka 300, ina so in zuba shi a kan karatunta na gaba. Wasu sun ce kwamfuta, wasu sun ce makarantar Turanci, ita kuma ta ce a biya mata jarrabawar Turanci tun yanzu. Wanne zan fara?" Daga wata uwa a Birni.

Hajiya, Allah ya sa albarka, kin taso da wuri. Makarantun Amurka suna rufe karɓar takardu tun farkon Nuwamba ko farkon Janairu, wato watanni kafin a zauna bak, jarrabawar gama lise. Ashe sakamakon ajin sigond da na firamiyar su ne za a fi dubawa, kuma shekarar nan da take ciki ita ce mafi muhimmanci. In akwai inda lissafinta ke ɗingishi, kuɗin farko na malamin da zai riƙa zama da ita ne da yamma.

Jarrabawar Turanci a dakata. Sakamakon TOEFL da na Duolingo shekara biyu suke aiki, kuma wanda ya zauna bai shirya ba sau biyu zai biya. Ta Duolingo ta fi araha, a gida ake yinta cikin kamar awa ɗaya, sai dai tana son kwamfuta mai kyamara, ɗaki shiru da intanet da ba ya yankewa, kuma ba kowace makaranta ke karɓarta ba, a duba tukuna. SAT kuwa, jarrabawar shiga jami'o'in Amurka, sai an je cibiya, a sa kuɗin mota da masauki cikin lissafi. Atisayenta kyauta ne a shafin intanet na Khan Academy, kar wani ya sayar miki da shi.

Kwamfuta a saya, amma ta hannu ta wadatar. Ki tafi da wanda ya sani, a cire ta daga wuta a gaban mai shago a ga awa nawa batirin ke ɗauka, a kunna kyamara da makirfo a gwada. Da yadda wuta ke yi mana a watannin zafi, batiri ya fi kyan jiki amfani. Ki kuma ware wani abu don fasfo da fassarar takardun makaranta wurin mai fassara da hukuma ta yarda da shi, don waɗannan su ne ke tasowa a ƙurarren lokaci.

Makarantar Turanci ita na sa a ƙarshe. Ba a rasa wanda ya yi karatu a Kano ko Zariya a unguwa. A samu mace ɗaya mai hankali, su riƙa hira da Turanci zalla rabin awa kullum, ɗiyarki tana rubuta shafi ɗaya a mako ana gyara mata. In an yi wata shida ba a ga motsi ba, sannan a biya makaranta.

"Ni A4 nake yi, ɓangaren adabi, lissafi ba ya yi da ni, amma ina da bakin ciniki. Zan iya shiga irin su Wharton?"

Ƙanena, ba zan ɓoye maka ba, da wuya. Wharton, ta Jami'ar Pennsylvania, wadda aka kafa a 1881, digirinta na farko na ilimin tattalin arziki ne, kuma tana sa ran ɗalibi ya zo da lissafi mai zurfi irin na 'yan C da D, ɓangaren kimiyya. Bakin ciniki baiwa ce, amma a ajin farko ƙididdiga da lissafin kuɗi za a aza maka. Ka ci bak da maki mai kyau, ka yi lisans a gida, a Jami'ar André Salifou ko ta Abdou Moumouni a Yamai, ka gyara lissafinka a hankali kana taɓa sana'a. Babbar makaranta ka neme ta a matakin masta, inda ake duba abin da mutum ya yi bayan bak.

"Malam, yarona ya nace sai Amurka ko Faransa. Ina da rufin asiri, amma ba na so in zuba kuɗi a rijiya. Ina ya kamata mu dosa?" Daga wani ɗan kasuwa a Zango.

Alhaji, kai da ka san ba a sayen kaya sai an san hanyar da za a fito da shi, fara da biza. Faransa ta rufe ofishin jakadancinta a Yamai tun Janairu 2024, na Amurka kuma ya dakatar da ba da biza a 2025. Yaro na iya samun gurbi, takarda a hannu, ya rasa ta inda zai bi. Kafin ka biya kuɗin fom ko ɗaya, a bincika halin da bizar ƙasar ke ciki a wannan watan.

Sai kuɗi. Shekara ɗaya a Jami'ar Pennsylvania, da karatu da ci da kwana, tana kai wajen dala 90,000, dalar Amurka fa, ba tamu ta tamma biyar ba. Wajen miliyan 50 ke nan na sefa, sau huɗu, don karatun shekara huɗu ne. Suna ba da tallafi ga wanda suka ɗauka, amma ga ɗalibin da ya fito daga ƙasashe irin namu, neman tallafin yana shiga cikin abin da suke aunawa kafin su ɗauka.

Da ni ne, zan sa Dakar a gaba. Makarantar kasuwanci ta CESAG da ke can tana ƙarƙashin BCEAO, babban bankin da ke buga sefar da ke aljihunka, da Faransanci ake karatu, kuma da jarrabawar shiga ake tacewa, don haka yaro ya nemi tsofaffin tambayoyi ya yi ta bita. In Turancinsa ya yi ƙarfi, akwai Jami'ar Ashesi a Berekuso kusa da Accra, wadda Patrick Awuah ya kafa a 2002, tana da digirin kasuwanci da tallafin gidauniyar Mastercard ga masu ƙoƙari marasa hali. Maroko ma tana da makarantun kasuwanci na ENCG na shekara biyar, kuma guraben karatu da take ba ƙasashe ta hannun gwamnati suke biyowa, sai a riƙa leƙa sanarwar ANAB, hukumarmu mai kula da tallafin karatu. Makarantar kasuwanci ta ESSEC ta Faransa tana da reshe a Rabat, sai dai kuɗinta ba na wasa ba ne.

Ka bar shi ya jefa takarda ɗaya ko biyu can inda ransa ke so, kar ya ce ka tare masa hanya, amma da sharaɗin ya cika uku a nan kusa. Kafin nan, ka damƙa masa wani ɓangare na harkarka a hutun nan, ko da lodin mota ɗaya ne daga Kano, ya bi shi tun daga saro har sayarwa, ya kawo maka lissafi a rubuce. In ya dawo da riba ya samu abin rubutawa. In ya faɗi, ka sa shi ya nemo inda kuɗin ya bi, ya rubuta wannan.