Tambaya da Amsa: 'Yan sandan gari da ICE a Amurka

Tambaya: Malam don Allah wai gaskiya ne gwamnatin tarayyar Amurka na biyan 'yan sandan gari su kama baƙin haure? Ƙanina na Florida, hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Eh hajiya, akwai tsarin 287(g) tun dokar 1996, ICE, wato hukumar shige da fice ta tarayya, ke horar da 'yan sandan yanki su taya ta aiki, to daga Oktoban 2025 sai aka ƙara da biyan albashin jami'an da aka horar har da ladan ƙwazo, kin ga ko ƙaramin ofis mai ƙarancin kuɗi da wuya ya ƙi. Florida kam ta shiga sosai, California kuwa dokarta ta 2017 ta taƙaita haɗin kan. Ki ce masa ya nemi lauyan shige da fice.