Tambaya da Amsa: Ta Ina Mata da Matasan Unguwa Za Su Fara Don a Riƙa Jin Muryarsu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu mata ne a wata unguwa a Zariya, muna da ƙungiyar adashi, kwanan nan kuma wasu samari da 'yammatan unguwar suka haɗe da mu. Ba a tunawa da mu sai lokacin zaɓe, a raba mana atamfa da taliya a wuce. Asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarmu ba magani, a firamare kuma yara a ƙasa suke zama. Wasu sun ce mu tsayar da kansila namu. Ta ina za mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. In za ku ji ta tawa, ku ajiye maganar takara tukuna. Akwai kujerun da tsarin gwamnati ya riga ya tanadar muku a cikin mazaɓarku, ba a sayen fom kafin a hau su, kuma a wurare da yawa wasu ne ke zaune a kai da sunanku.

Mu fara da asibitin. A tsarin kiwon lafiya matakin farko, kowace mazaɓa tana da kwamitin raya mazaɓa, wanda ma'aikatan lafiya ke kira WDC, kuma ƙa'idarsa ta ce a sa mata da matasa a ciki. Muhimmancinsa ya ƙaru bayan Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Wani kaso na kuɗin nan yana shiga asusun asibitocin mazaɓu da aka zaɓa kai tsaye, domin sayen magani da ƙananan gyare-gyare, kuma kwamitin yana da bakin magana a kan yadda za a kashe shi. To ku je wurin shugaban asibitin, cikin mutunci, ku yi tambaya uku: shin asibitin nan yana cikin masu karɓar kuɗin? Su wa ke cikin kwamitin? Yaushe suka yi zama na ƙarshe? Sau da yawa za ku tarar an rubuta sunan wata baiwar Allah a matsayin wakiliyar mata, ita kanta ba ta sani ba. Wannan kujerar ita za ku fara nema.

Haka abin yake a makaranta. Akwai kwamitin kula da makaranta na al'umma, SBMC, mai wakilan mata da tsofaffin ɗalibai da masu sana'a da shugabannin unguwa. Nan ne wurin samarinku. Su ƙirga yara nawa ne a kowane aji, benci nawa ne mai amfani, malamai nawa ke zuwa aiki. “Makarantarmu ta lalace” kuka ne, kowa yana yin sa, shi ya sa ba ya motsa kowa. Amma takarda mai ɗauke da lissafi da hotuna, wadda aka kai ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma aka buga mata hatimin karɓa, kuka riƙe kwafi, ita ce ke hana jami'i cewa bai san zancen ba. In aka yi muku shiru, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukumar da aka nemi bayani a wurinta kwana 7 ta amsa.

Kafin duk wannan, ku gyara gida. Ku yi wa ƙungiyar rajista, ko a matsayin ƙungiyar gama-kai ko ta raya al'umma, ku buɗe asusun banki da mutum biyu ko uku za su riƙa sa hannu, ku sami littafin rubuta abin da aka tattauna. Uwar adashi da ta shekara da shekaru tana riƙon kuɗin mutane ba a taɓa jin kanta da kowa ba, ta fi wani mai digiri cancantar zama ma'aji. Ku kai wa mai unguwa da liman gaisuwa tun farko, matan aure kuma su yi wa mazajensu bayani, don kada aiki ya kankama a ce an raba mata da gidajensu. Ku sa lokacin taro daidai da halin mata, ba bayan isha'i ba.

Sai gargaɗi guda, wanda na fi jin tsoro a kai. Da zarar an ga kun haɗa kai, wani ɗan siyasa zai aiko da kuɗin “tallafi” da riguna masu hotonsa. Ranar da kuka karɓa da sunan ƙungiya, kun zama tasa, kuma ba za ku iya tambayarsa ina maganin asibiti ba. Samarin ma ta wannan ƙofa ake mayar da su 'yan jagaliya.

Ban ce takara haramun ba ce. Ku 'yan Zariya ba sai an ba ku labarin Hajiya Gambo Sawaba ba, wadda ta sha ɗauri a zamanin jam'iyyar NEPU tana neman a bar matan Arewa su yi zaɓe, abin da bai tabbata ba sai 1976. A 2018 kuma aka sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya rage shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai daga 30 zuwa 25, har Rukayat Shittu ta ci kujerar majalisar jihar Kwara a 2023 tana da shekara 26. Hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024, da ya ce a biya ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ya ƙara wa kujerar kansila daraja, ko da yake aiwatar da shi yana tafiyar hawainiya.

Sai dai a gaskiya, ana yanke hukuncin wanda zai zama kansila tun a cikin jam'iyya, kafin ranar jefa ƙuri'a. Don haka mai sha'awa a cikinku ya yanki katin jam'iyya a mazaɓa da sunan kansa, ya riƙa halartar taronta, sauran kuma ku tabbatar duk wanda ya kai shekara 18 ya yi katin zaɓe. In kuka yi shekara biyu a kwamitocin nan, aka ga magani ya dawo asibiti, aka ga benci a aji, mutanen unguwa da kansu za su faɗa muku wanda suke so ku tsayar.