Amsa kan gyaran akwatin tsohuwar Land Rover: walda ko ribit?

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka game da akori-kurar Land Rover Series III da ka gada daga mahaifinka, Allah ya jiƙansa, inda ka ce ƙusoshin ribit na akwatin baya, wato ƙusoshi marasa noti da ake baje gindinsu su riƙe fallaye, sun saki, gefe ɗaya ya tsage, kuma wani mai walda ya yi maka alkawarin liƙe komai da wuta. Na daɗe ina aikin fanel-bita, kuma shawarata ita ce kada ka bari wutar kabaid ta kusanci wannan akwati.

Jikin motar nan ba irin na Peugeot 404 ko 504 ba ne, waɗanda aka haɗa a Kaduna kuma hannun masu waldarmu ya saba da su. Tun daga 1948 da aka fara ƙera Land Rover a Ingila har zuwa irin taka, shasi da bangon da ke tsakanin inji da direba ne ƙarfe, amma fallayen bodi na alminiyom ne da ake kira Birmabright. Alminiyom yana narkewa a wajen digiri 650, kuma ba ya yin ja kafin ya narke, saboda haka wanda ya saba jiran ƙarfe ya yi ja sai dai ya ga rami a gabansa. Ko gwanin waldar argon, wadda ake yi wa alminiyom, yakan sha wuya da tsohon falle, domin zafi yana murɗa shi.

Farin garin da kake gani a gindin ƙusoshin shi ne ainihin cutar. Duk inda alminiyom ya jingina da ƙarfe, danshi ya shiga tsakaninsu, alminiyom ɗin ne ke cinyewa, shi ya sa ɓarnar ta fi yawa a ƙarƙashin ƙarfen da ke bin bakin akwatin. Idan ka sabunta ƙusoshi ba ka raba alminiyom da ƙarfen ba, aikin zai dawo maka bayan 'yan damuna. Ka cire ƙarfen, ka kankare garin tas, ka shafa fentin ƙasa da ya dace da alminiyom, sannan ka sa man liƙi tsakaninsu kafin ka mayar.

Wajen cire tsofaffin ƙusoshin ake yawan lalata aiki. Ka ɗiga alama a tsakiyar kan ƙusar, ka huda kan kaɗai har ya ɓalle, sannan ka tura sauran da siririn ƙarfe, wani yana tokare da bayan fallen. Kada ka sare su da kurfi, domin ramin zai yi faɗi, sabuwar ƙusa kuma ba za ta cika shi ba.

Inda kamfani ya sa ribit na dukan guduma, ka mayar da irinsa, na alminiyom, ba na jan ƙarfe ba. Ƙusa mai kaurin milimita 4.8 tana son rami na 4.9, kuma abin da zai leƙo ta baya ya kai kaurinta sau ɗaya da rabi, wato kusan milimita 7. Idan ya yi tsawo zai lanƙwashe, idan ya gaza ba zai yi kan da zai riƙe ba. Aikin mutum biyu ne: ɗaya yana duka, ɗaya yana danne da ƙarfe mai nauyi. Ka fara ɗaure fallayen da ƙananan ƙusoshi masu noti don kada ramukan su goce. Ribit na bindiga, wanda ake ja da na'urar hannu ta gefe ɗaya, yana da amfaninsa a lungun da hannu ba ya kaiwa, amma ka nemi mai toshen gindi, domin buɗaɗɗen yana shigar da ruwa. Ka duba Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ka tafi da tsohuwar ƙusa a aljihu don gwaji.

Shi kuma tsagun, ka huda ɗan rami a kowane ƙarshensa don ya daina ci gaba, sannan ka ɗora faci ta ciki daga falle mai kauri ɗaya, kana barin tazarar kaurin ƙusa biyu tsakanin rami da bakin facin. Idan wurin ya lotsa, kada ka yi ta dukansa haka nan, domin alminiyom yana taurara da duka har ya fashe. Ka goga sabulu a wurin, ka ɗumama shi sannu a hankali har sabulun ya yi baƙi, ka bar shi ya huce, sannan ka miƙar da shi da gudumar katako. Wannan ɗumamawar ce kaɗai wutar da na yarda da ita a nan, ita ma sai an cire fallen daga motar, nesa da tankin mai.